Lissafin kasuwa da lissafin lakwal: yadda ake gano babban tubalin lamba



Duk shekara, idan zafin bazara ya fara ja da baya, hadari ya soma haɗuwa daga gabas, gidan da ke da ɗa ko ɗiya a ajin ƙarshe na kwaleji hankalin mutanensa ba ya kwanciya, domin jarrabawar BEPC ta ƙarato. A nan Matamaye, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, kuɗin kaye da bik da tufafin lakwal da rajistar jarrabawa yawanci daga kaskon ƙosai suke fitowa, ko daga cinikin ƙuli-ƙuli da man gujiya, ko daga damin raken da aka saro a fadamun Korama. Idan yaro ya faɗi, an yi asarar guzurin shekara guda, sai ya maimaita aji in an yi sa'a. Idan ɗiya mace ce, sau da yawa daga nan karatun ke tsayawa. Lissafi kuwa yana cikin darussan da makinsu ke da nauyi, kuma shi ne yara suka fi jin tsoro.

Iyaye da dama kan ce su ba su yi boko ba, saboda haka ba su da abin da za su taimaka da shi sai addu'a. Addu'a kam tana gaba da komai. Amma akwai wani sashe na lissafin kwaleji da ƴar kasuwa ke aiki da shi tun safe har yamma ba tare da ta san sunansa ba, kuma shi za mu duba yau. Tambayar kan zo wa yara a aikin gida da gwajin aji kamar haka: a ba su wani lissafi mai haɗe-haɗe, a ce su fitar da mafi girman lamba gagara-rabo da ke raba shi. To, ku biyo mu sannu a hankali.

Mece ce lamba gagara-rabo?

A ce an sauke maku buhu 12 na gero. In ku biyu ne, kowa 6. In ku uku ne, kowa 4. Haka in ku huɗu ne ko shida, za a raba lafiya ba tare da an kwance bakin buhu ba. Shi ya sa ƴan kasuwa ke son dozin, shi ya sa kuma kwali da yawa ke zuwa da kaya 12 ko 24. Amma a ce buhu 13 ne. Ko ku biyu ne, ko uku, ko huɗu, har zuwa goma sha biyu, dole a samu saura. Ba ya rabuwa daidai sai in mutum guda ya kwashe duka, ko kuma mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya.

Irin wannan lamba ita muka kira gagara-rabo. In kun buɗe kayen yaronku za ku ga an rubuta ta da faransanci da sunan nombre premier. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47. Daga 1 zuwa 100 guda 25 ne kacal. Lamba 1 ba ta cikinsu, domin sharaɗin shi ne lamba ta zamana abu biyu ne daidai ke raba ta, wato 1 da ita kanta. Lamba 2 kuwa ita kaɗai ce cikinsu da ke rabuwa gida biyu.

Duk sauran lambobi da waɗannan aka gina su, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ɗauki 360. Raba da 2, ka sami 180. Sake rabawa, 90. Sake, 45. Yanzu 2 ba ta shiga, sai a koma 3: a sami 15, a sake a sami 5. Ke nan 360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Tubalanta shida ne, mafi girmansu 5. Ko ta ina ka faro rushe lambar, waɗannan tubalan dai za ka tarar, ba daɗi ba ragi.

Ga inda iyayenmu mata suka riga ƴan lakwal. A kasuwa ba ma ƙirga kuɗi da tamma, da dala muke ƙirgawa. Takarda ta ce sefa 100, mu ce dala ashirin. Ta ce 500, mu ce dala ɗari. Jika guda, sefa 1000, ita ce dala 200. Duk matar da ta dubi farashin da aka rubuta ta mai da shi dala a ka, ta raba da 5 ke nan, wato ta zare tubali ɗaya. Sefa 1000 = 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5, dala 200 kuwa = 2 × 2 × 2 × 5 × 5. Wanda ke bin hanyar Dan Barto zuwa Daura da Kano ma, ga canjin naira a kan wannan. Wanda ya iya haka ba zai ce lissafi ya fi ƙarfinsa ba.

Alamomin da ke rage wahala

Akwai alamomin da ya kamata kowane ɗan jarrabawa ya san su kamar sunansa. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, tana rabuwa da 2. Wadda ta ƙare da 0 ko 5, tana rabuwa da 5. Game da 3, sai a haɗa alƙalumman lambar: in abin da ya fito ya rabu da 3, ita ma za ta rabu. Misali 87: 8 da 7 sun ba da 15, ke nan 87 = 3 × 29. Haka 51 = 3 × 17, 57 = 3 × 19. Waɗannan uku sukan yaudari yara, su ɗauke su gagara-rabo alhali ba su ba ne. Wadda ta fi su yaudara ita ce 91, domin 2 da 3 da 5 duk ba su shiga cikinta, amma 91 = 7 × 13.

Sai tambayar da yara ke yi: mushe, yaushe zan daina gwadawa? Amsa ita ce, ka tsaya da zarar lambar da za ka gwada, in ka ninka ta da kanta, ta zarce wadda kake bincike. Ɗauki 211. An gwada 2, 3, 5, 7, 11 da 13, babu wadda ta shiga. Mai bi ita ce 17, amma 17 × 17 = 289, ta wuce 211. A nan za a tsaya, 211 gagara-rabo ce. Dalili kuwa shi ne, da a ce tana rabuwa gida biyu, dole ɗaya daga cikin ɓangarorin ya kasance ƙasa da 17, kuma da mun riga mun kama shi.

Hanya ta farko: fitar da abin da aka yi tarayya a kai

Yanzu mu zo ga ainihin tambayar, inda ba lamba guda ake bayarwa ba, lissafi ne mai tarawa ko ɗebewa. A ce mai sayar da rake na ɗaure sanda 24 a kowane dami. Ya saro dami 15 daga wannan garka, dami 14 daga waccan. A takarda za a rubuta 24 × 15 + 24 × 14. Tambaya: wace ce mafi girman gagara-rabo da ke raba wannan?

Yaro mai gaggawa zai dubi 24 da 15 da 14, ya ga tubalansu 2, 3, 5 da 7 ne, ya rubuta 7. Ya faɗi. Mai rake ba zai yi haka ba. Shi zai ce dami 15 da dami 14, dami 29 ke nan, kowane da sanda 24. Wato 24 × 29. Tubalan 24 su ne 2, 2, 2 da 3, ita kuwa 29 ba ta rabuwa. Amsa ita ce 29.

Darasin da ke nan shi ne, tarawa da ɗebewa kan haifar da sabon tubali wanda ba ya cikin lambobin da aka faro da su. Saboda haka ba a neman tubali sai an mai da lissafin gaba ɗaya ya koma ninkawa zalla, babu alamar tarawa ko ɗebewa a waje. Wannan shi ne abin da malamai ke kira factorisation a aji na uku da na huɗu na kwaleji, kuma yana cikin abubuwan da ɗan BEPC ba shi da makawa sai ya iya.

Hanya ta biyu: lamba mai ƴar ƙarama a kafaɗa

Za ku ga a kayen yara ana rubuta lamba da wata ƴar ƙarama a samanta ta dama. Ma'anarta sau nawa za a jera lambar ana ninkawa. 5² na nufin 5 × 5, wato 25. 5³ na nufin 5 × 5 × 5, wato 125.

A ce an ba da 5⁴ + 5³ + 5². Dukansu uku suna ɗauke da 5² a cikinsu, kamar yadda damunan nan duka ke ɗauke da sanda 24. In an fitar da ita, na farko ya rage 25, na biyu 5, na uku 1. Ke nan 25 × (25 + 5 + 1) = 25 × 31. Amsa 31. Ana iya tabbatarwa: 625 + 125 + 25 = 775, kuma 25 × 31 ma 775 ne. A nan yara da yawa kan manta da 1 ɗin nan na ƙarshe, su rubuta 25 × 30, amsa ta lalace. In ka fitar da abu daga kansa, 1 ke saura, ba sifiri ba.

Amfanin hanyar na fitowa ne idan lambar ta yi girma. Ɗauki 3²⁰ + 3¹⁹ + 3¹⁸. Wanda ya ce sai ya lissafa komai zai tarar da lamba sama da miliyar 5, lokaci ya ƙare yana cikin rabawa. Wanda ya fitar da mafi ƙanƙanta, wato 3¹⁸, zai sami 3¹⁸ × (9 + 3 + 1) = 3¹⁸ × 13. Ɓangaren farko ba komai a cikinsa sai 3. Amsa 13, cikin layi biyu.

Hanya ta uku: fili da aka yanke wa kusurwa

A ce mutum na da garka mai kusurwa huɗu daidai, taki 50 tsawo, taki 50 faɗi. Ya ware taki 9 da taki 9 a kusurwa ɗaya domin rijiya. Abin da ya rage na shuka shi ne 50² − 9², wato 2500 − 81 = 2419. In aka ce yaro ya nemo tubalan 2419 ta hanyar gwaji, zai gwada 2, 3, 5, 7, ya yi ta tafiya har 37 bai ga komai ba, ya yanke ƙauna ya ce ba ta rabuwa.

Amma ku dubi filin da kyau. Abin da ya rage ana iya yanka shi gida biyu: babban yanki mai taki 50 da 41, da ƙaramin yanki mai taki 9 da 41. In aka jona su ta gefen da suke da 41, sai a sami fili guda mai faɗi 41 da tsawo 59. Wato ka ɗebe 9 daga 50 ka sami 41, ka tara 9 da 50 ka sami 59, ka ninka su. 41 × 59 = 2419 daidai. Duka biyun gagara-rabo ne, amsa 59. Ƙa'idar da ke rubuce a kayen yaro ita ce a² − b² = (a − b)(a + b).

Wani lokaci mai tambaya kan ɓoye filin. Ya ba da 9991 kawai. Yaro mai lura zai ga saura 9 ta cika 10000, wato 100² − 3², sai ya rubuta 97 × 103. Amsa 103. Haka 899 ita ce 900 − 1, wato 29 × 31.

Ga kuma tarkon da ya fi kama yara masu ƙoƙari. An ba da 60² − 31². Yaro ya yi daidai, ya sami 29 × 91, murna ta kama shi ya rubuta 91 tunda ita ce babba. Alhali mun ga 91 = 7 × 13. Tubalan su ne 7, 13 da 29, amsa kuwa 29, wadda ta fito daga ƙaramin ɓangare. Don haka kowane ɓangare sai an ƙwanƙwasa shi an ji ko zai ƙara fashewa, kamar yadda mai sayen tukunya ke yi kafin ta biya.

Ilimin ba baƙo ba ne a wajenmu

Malamanmu na zaure da ke rabon gado sun daɗe cikin wannan aiki. Kason da shari'a ta ambata su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi, kuma dukansu da tubalan 2 da 3 aka gina su. Shi ya sa asalin mas'alar gado ke fitowa daga 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Idan masu kaso suka yi yawa har aka yi auli, 12 kan hau zuwa 13, 15 ko 17. Malami kan duba ko adadin magada da kasonsu suna da abin da ya haɗa su ko babu, kafin ya san da me zai ninka. Wannan neman tubalin tarayya ne. Littafin aljabara da Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 ma, babban sashensa kan lissafin gado da wasiyya ne.

A maƙwabtanmu Katsina an yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda a 1732 ya yi rubutu da larabci kan yadda ake tsara hatimin lambobi, inda kowane layi ke ba da jimla guda ta ko'ina aka bi. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na duniya na ambatonsa har yau. Tun kafin nan, a birnin Iskandariya na Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iƙlidis ya nuna cewa lambobi gagara-rabo ba su da iyaka. Hujjarsa ita ce, ko nawa ka tara, ninka su duka ka ƙara 1, abin da ya fito babu ɗaya cikinsu da zai raba shi, ke nan akwai wata da ba ka ƙirga ba. Gwada da 2 × 3 × 5 × 7 + 1, za ka sami 211 ɗin nan da muka bincika ɗazu. Bayansa, Eratostinus, shugaban ɗakin karatu na wannan birni, ya kawo dabarar da har yau ake kira rariya: ka rubuta lambobi a jere, ka soke duk ƴaƴan 2, sannan ƴaƴan 3, na 5, na 7, abin da ya tsaya a kan rariyar su ne gagara-rabo. Yaro na iya yin ta a ƙasa da tsinke, daga 2 zuwa 100, cikin ƴan mintoci.

A zamanin nan kuwa abin ya shafi aljihun ɗan kasuwa kai tsaye. A 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka ƙirƙiro makullin sirri da ake kira RSA, wanda ya zama ɗaya daga cikin makullan da ke tsare saƙonnin bankuna da ciniki a intanet. Tushensa shi ne, ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo su, wannan jan aiki ne. Kun dai ga yadda 2419 ta wahalar da mu alhali alƙalumma huɗu gare ta. A 2020 sai da masana suka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa kafin su fasa wata lamba mai alƙalumma 250. A watan Oktoba na 2024 kuma wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano gagara-rabo mai alƙalumma sama da miliyan 41, wadda ta zarce duk waɗanda aka sani kafin ta.

Abin da uwa da uba za su iya yi

Na farko, jadawalin ninkawa. Yaron da ke tsayawa ƙirga yatsu kafin ya ce 7 × 13, ba zai gane 91 ba a ɗakin jarrabawa. In yana taya ki zama a rumfa, ki riƙa jefa masa tambaya: tiya 7 a kan dala kaza, nawa ke nan? Kwano 39, mutum nawa za su raba ba saura?

Na biyu, ki sa shi ya bayyana maki aikinsa da Hausa. Tun a watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ko ba wannan, duk malami ya san yaron da ya iya faɗin abu da harshen gidansu shi ne ya fahimce shi. In ya tsaya yana inda-inda, hadda ya yi kawai, sai ya koma wajen mushe ko madam ya sake tambaya.

Na uku, lokaci. A makonnin da suka rage kafin jarrabawa, a rage wa ɗiya mace tallan yamma da ɗiban ruwa, a bar mata fitila mai haske da wuri mai shiru. Ribar tallan wata guda ba ta kai kuɗin maimaita shekara ba.

Na huɗu, a koya masa tabbatar da amsa. Ba ƴar kasuwar da ke ɗaure kuɗi a bakin zane ba ta sake ƙirgawa ba. Shi ma ya ninka tubalan da ya samu, ya ga ko sun mai da shi inda ya faro, kuma ya rubuta matakan da ya bi, domin masu gyara kan ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

Ga guda uku ku gwada yaranku da su yau da dare. Na ɗaya: 18 × 25 + 18 × 18. Na biyu: 2⁷ + 2⁵ + 2⁴. Na uku: 45² − 32². Ku rufe wannan layi da hannu sai sun gama: na ɗaya 18 × 43, amsa 43; na biyu 16 × 11, amsa 11; na uku 13 × 77, amma 77 = 7 × 11, saboda haka amsa 13. Wanda ya ce 77, ku tuna masa da mai sayen tukunya.

Allah ya ba yaranmu na Matamaye da Kance da sauran sassan ƙasa sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.